Chen Shui-bian: Karatunsa da Siyasarsa

Chen Shui-bian lauya ne kuma ɗan siyasar Taiwan. Ya yi ɗan majalisar dokoki daga 1990 zuwa 1994, magajin garin Taipei daga 1994 zuwa 1998, sannan shugaban ƙasa daga 2000 zuwa 2008. Shi ne mutum na farko da ya hau wannan kujera ba daga jam'iyyar Kuomintang ba, tun bayan da gwamnatinta ta ƙaura daga babban yankin Sin zuwa tsibirin a 1949.

An haife shi a watan Oktoba na 1950 a Guantian da ke yankin Tainan, a kudancin tsibirin. Iyayensa talakawa ne masu noma gonar haya. Takardun hukuma sun nuna 18 ga Fabrairu 1951 a matsayin ranar haihuwarsa, saboda ba a yi masa rajista da wuri ba.

A 1969 ya shiga Jami'ar Ƙasa ta Taiwan yana karatun kasuwanci, amma bai jima ba ya bari, ya sake zama jarrabawar shiga jami'a, ya koma sashen shari'a. A 1973, yana aji uku, ya ci jarrabawar zama lauya da maki mafi yawa a ƙasar, ya kuma karɓi digirinsa a 1974. Fannin da ya ƙware a kai ba shi da alaƙa da siyasa ko kaɗan: dokar sufurin teku da inshorar jiragen ruwa, aiki mai kawo kuɗi a tsibirin da ya dogara da fitar da kaya. A 1975 ya auri Wu Shu-chen, 'yar wani likita.

Abin da ya juya akalarsa shi ne tarzomar birnin Kaohsiung. A ranar 10 ga Disamba 1979, masu fitar da mujallar Formosa suka yi gangamin ranar haƙƙin ɗan Adam, aka yi arangama da 'yan sanda, gwamnati ta kwashe jagororin adawa. Taiwan na ƙarƙashin dokar soja a lokacin, kafa sabuwar jam'iyya haramun ne, don haka kotun soja ce ta saurari shari'ar mutum takwas a 1980. Chen ya tsaya wa ɗaya daga cikinsu, Huang Hsin-chieh, a matsayin lauya. Shari'ar ba ta yi masu daɗi ba: Huang ya samu ɗaurin shekara 14, Annette Lu shekara 12, Shih Ming-teh kuma rai da rai. Sai dai jaridu sun buga abin da aka faɗa a kotu, jama'a suka san lauyoyin, kuma daga cikinsu ne aka samu sabon jerin shugabannin adawa, irin su Frank Hsieh da Su Tseng-chang, waɗanda daga baya kowannensu ya yi firaminista.

Chen ya ci kujerar kansila a majalisar birnin Taipei a 1981. A 1985 ya nemi shugabancin gundumar Tainan, ya sha kaye. Kwana kaɗan bayan zaɓen, suna zagayen godiya ga magoya baya, wata motar gona ta buge matarsa, ƙafafunta suka shanye. A 1986 aka ɗaure shi wata takwas kan laifin ɓata suna, saboda wata mujalla da yake jagoranta ta zargi malamin jami'a Elmer Fung da satar rubutu. Yana tsare Wu ta tsaya takarar majalisar dokoki a kan keken guragu, ta kuma ci. Da ya fito a 1987 sai ya zama mataimakinta a majalisa, ya shiga jam'iyyar adawa ta Democratic Progressive Party (DPP) da aka kafa a watan Satumba na 1986.

An zaɓe shi ɗan majalisa a Disamba 1989. Majalisar da ya shiga tana da wata matsala babba: mafi yawan kujerunta na hannun dattawan da aka zaɓa a babban yankin Sin tun ƙarshen shekarun 1940, waɗanda ba su sake fuskantar masu zaɓe ba. 'Yan adawa ba su da adadin da zai zartar da doka, sai makamin tambaya da binciken kasafi. A nan horon lauya ya yi masa rana. Ya zama ɗan adawa na farko da ya jagoranci zaman kwamitin tsaro, inda ya matsa kan kwangilolin sayen makamai, fagen da a da ba a buɗe wa farar hula. A 1991, da DPP ta sa batun kafa jamhuriyar Taiwan a kundinta, shi ya kawo gyaran da ya ce sai ta hanyar ƙuri'ar raba gardama za a yanke wannan hukunci. Dattawan sun sauka a ƙarshen 1991, aka zaɓi cikakkiyar sabuwar majalisa a 1992, ya kuma sake cin kujerarsa.

Nasarorinsa biyu mafi girma sun zo ne sakamakon rabuwar kan abokan hamayya. A 1994 ya ci Taipei da kusan kashi 44 cikin ɗari, saboda Kuomintang da jam'iyyar New Party, wadda ta ɓalle daga cikinta, sun raba ƙuri'unsu. A 1998, da mafi yawan magoya bayansu suka haɗu a bayan Ma Ying-jeou na Kuomintang, sai ya faɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2000 ya samu kashi 39.3, James Soong da ya ɓalle daga Kuomintang 36.8, Lien Chan na Kuomintang 23.1, Annette Lu ce kuma mataimakiyarsa. A 2004 an harbe su biyun a Tainan ana gobe zaɓe, suka ji rauni, ya yi nasara da ratar da ba ta kai ƙuri'a 30,000 ba.

Duk shekarunsa takwas a mulki, ɓangarensa bai taɓa samun rinjaye a majalisa ba. A zamaninsa ne gyaran tsarin mulki na 2005 ya rage kujerun majalisar daga 225 zuwa 113, ya mayar da wa'adinta shekara huɗu maimakon uku.

Zarge-zargen rashawa sun dabaibaye wa'adinsa na biyu, har Shih Ming-teh ya jagoranci zanga-zangar neman ya sauka a 2006. An tsare shi a Nuwamba 2008, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Satumba 2009 kan cin hanci da halatta kuɗin haram, aka rage zuwa shekara 20 a ɗaukaka ƙara. Shi dai ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. An sallame shi don jinya a Janairu 2015.