Kwaikwayon Ciwon Sararin Samaniya da Injin Juya Mutum

Ciwon sararin samaniya shi ne jiri da tashin zuciya, wani lokaci har da amai, da ke kama 'yan sama jannati a kwana biyu zuwa uku na farkon tafiyarsu. Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet ne ya fara fama da shi a 1961, cikin kumbon Vostok 2, kuma har yau yana kama rabin masu tafiyar ko fiye.

Tushen abin yana cikin kunne. Can ciki akwai wasu ƙananan duwatsu irin na alli, kwance a kan wani abu mai danƙo, kuma nauyinsu ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Kusa da su akwai bututu uku masu lanƙwasa da ke jin juyawar kai. Idan nauyi ya ɓace, mutum ya sunkuyar da kai, bututun za su kai labarin motsi, amma labarin duwatsun ba zai zo daidai da abin da ƙwaƙwalwa ta saba ba. Daga nan sai ciki ya ɗauka.

Samar da rashin nauyi a doron ƙasa abu ne mai wuya, domin jirgin sama da ke hawa sama sannan ya nitso ƙasa don na ciki su rasa nauyi, daƙiƙa 20 zuwa 25 kawai yake bayarwa. Masana a cibiyar bincike ta TNO da ke Soesterberg a ƙasar Holan sai suka bi ta wata hanya: maimakon su rage nauyi, suka ƙara shi. Ana kwantar da mutum rigingine a ƙarshen dogon hannun injin santirifuj, a yi ta juya shi har nauyinsa ya ninka uku, ƙirji na danna baya, tsawon awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ciwon yana zuwa ne bayan an tsayar da injin. Mutum zai sauko kamar lafiya lau, amma da zarar ya ɗaga kai ko ya karkata shi zuwa kafaɗa, sai ɗakin ya fara rawa a idonsa, zuciyarsa ta tashi.

Wubbo Ockels na Holan da Jamusawa biyu, Reinhard Furrer da Ernst Messerschmid, waɗanda suka je sama tare a 1985, sun bayyana a 1990 cewa abin da suka ji bayan injin ya yi kama da na kumbo. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa sauyin nauyi ne ke kawo ciwon, ko daga uku zuwa ɗaya, ko daga ɗaya zuwa babu. Bincike ya kuma nuna cewa wanda ciwon ya kama a sama, galibi shi ne injin ke kamawa, alhali jirin mota ko na jirgin ruwa ba ya nuna wanda zai wahala a kumbo.