Garkunan Sakkwato, Tsuntsaye da Lafiyar Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da garka ta gargajiya?

A fadamun Rima da Gulbin Sakkwato, mai garka ba ya shuka abu guda. Mangwaro da gwaiba da lemun tsami na ba da inuwa, zogale na shinge, albasa da tattasai na kusa da rijiya. A tudu kuwa, cikin gonakin gero, kakanni da gangan suka bar gawo da kuka da tsamiya da aduwa da magarya a tsaye. Kowanne da lokacin da yake ba da nasa, shi ya sa da wuya a rasa abin tsinka duk shekara.

Ba sa tare wa amfanin gona rana?

Wasu na tarewa, amma dubi gawo. Da damina, sa'ad da kowane icce ke tohuwa, shi zubar da ganye yake yi, sai gero ya samu rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, tumaki da awaki su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa. Manomi ya san geron gindin gawo ya fi kauri. Bagaruwa ma haka: da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jan akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙetare.

Ina ruwan jemage da tsuntsu a wannan magana?

Furen kuka da dare yake buɗewa, kuma jemagu ne ke yawo da ƙurarsa daga wannan fure zuwa wancan. Haka ɗorawa. In jemagu suka ragu, 'ya'yan kuka da kalwar daddawa ma raguwa za su yi. Ƙudan zuma na buƙatar fure da reshen da za a rataya amya. Shamuwa, wadda zuwanta ke shaida kusantowar damina, a manyan itatuwa take sheƙa, kuma fara da tsutsotsi take ci. Dashen bara ba zai iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai icce ya tsufa, ya yi kogo da rassa masu nauyi.

Lafiyar mutum fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40. Tsoho da jariri da mai hawan jini su suka fi jin jiki, kuma unguwar da ke da inuwa ba ta ɗaukar zafi kamar wadda babu komai sai kwano da siminti. Itatuwa na karya iska, suna rage ƙurar hunturu. Sannan mangwaro na nuna ne da bazara, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, yana ba yara sinadarin bitamin A mai kare ido. Garin 'ya'yan kuka da gwaiba cike suke da bitamin C. Amma kada a ruɗe: inuwa ba ta maye gurbin allurar rigakafin sanƙarau.

Ai itatuwa na tara sauro da macizai.

Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kamar kwata da tsofaffin tayoyi. A cike ramuka, a share ciyawa, a kwana cikin gidan sauro.

To me ke cinye itatuwan, kuma me za a yi?

Yanka filaye, gawayi da itacen girki. Garkar da ta shekara hamsin kan faɗi a yini guda, kuma wannan ya fi komai damuna. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dashen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa, sai dai dashen da ba a ba ruwa da rani ba, ba a kuma killace shi daga awaki ba, mutuwa yake yi. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suka kama wata hanya: kututturen da ya tohu a gona ba a sassabe shi, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Da haka aka farfaɗo da miliyoyin hekta a Nijar. Manomin Illela ko Gwadabawa zai iya farawa a sassaben bana, da wuƙa kawai.