Binciken Cututtukan Mutanen Dauri ta Hanyar Tsohon DNA

Binciken cututtukan mutanen dauri ta hanyar tsohon DNA wani reshe ne na kimiyya da ke tono ragowar ƙwayoyin cuta daga haƙora da ƙasusuwan mutanen da suka rasu tun da daɗewa, musamman waɗanda suka rayu kafin a fara rubuta tarihi. DNA shi ne sinadarin gado da ke cikin kowace halitta, tun daga mutum har zuwa bakteriya. Idan mutum ya mutu da ƙwayar cuta a cikin jininsa, wani ɗan ɓurɓushi na DNA ɗin ƙwayar yakan saura a gawarsa, wani lokaci har shekaru dubbai.

Kafin wannan hanya, masana ba su da abin dubawa sai tabon da cuta ta bari a ƙashi. Kuturta da tarin fuka sukan ci ƙashi idan sun daɗe a jiki, don haka ana gane su. Amma cutar da ke kashe mutum cikin mako guda ba ta samun lokacin barin alama, kuma irin waɗannan su ne suka fi share al'umma. Wannan giɓin ne fannin ya zo ya cike.

Yadda ake aikin

Haƙori ne ya fi kowane sashe amfani. A tsakiyarsa akwai ɗan kogo da jijiyoyin jini ke shiga, kuma taurin bayansa yana kare abin da ke ciki daga ƙasa da ruwa. Ana yanka haƙorin, a kankare cikin kogon, a narkar da garin da sinadarai, sannan na'ura ta karanta duk DNA ɗin da aka samu. Mafi yawansa na bakteriyar ƙasar kabari ne, kaɗan na mutumin, na ƙwayar cutar kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Kwamfuta ce ke tace miliyoyin guntaye tana gwada su da na cututtukan da aka sani a yau.

Babbar matsalar ita ce gurɓata. Ƙwayar tarin fuka, alal misali, tana da dangi na kusa da ke zaune a cikin ƙasa ba sa cutar da kowa, kuma abu ne mai sauƙi a ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. A shekarun 1990, lokacin da ake dogaro da fasahar PCR kawai, wato hanyar ninninka ɗan guntun DNA ya yi yawa har a iya karanta shi, an yi ta fitar da sakamakon da wasu ɗakunan bincike suka kasa maimaitawa, har aka yi ta jayayya a kan ko fannin abin dogaro ne. Abin da ya kawo sauƙi shi ne gano cewa tsufa yana da tambari: tsohon DNA yakan kakkarye ya zama gajeru, yawanci ƙasa da haruffa 100 (ana rubuta tubalan DNA da haruffa huɗu: A, C, G da T), kuma a bakin kowane guntu harafin C yakan rikiɗe a karanta shi a matsayin T. Guntun da ba ya ɗauke da wannan lahani abin tuhuma ne. Ma'aikatan kuma sukan rufe jikinsu ruf daga kai har ƙafa a ɗakunan da ake tace iskarsu. Svante Pääbo, wanda ya samu lambar Nobel a 2022, yana cikin waɗanda suka kafa waɗannan ƙa'idoji a binciken tsohon DNA baki ɗaya.

Annobar kaluluwa

Babu cutar da wannan bincike ya sauya tarihinta kamar wadda bakteriyar Yersinia pestis ke haddasawa. A 2011 wata tawaga da ta haɗa da Kirsten Bos da Johannes Krause ta karanta DNA ɗin ƙwayar daga gawarwakin maƙabartar East Smithfield a Landan, inda aka binne waɗanda Baƙar Annoba ta kashe a wajen 1348 zuwa 1350. Wannan ya tabbatar da abin da aka daɗe ana zato, cewa wannan ƙwayar ce ta haddasa annobar. Abin da ba a yi zato ba ya zo ne a 2015, lokacin da tawagar Eske Willerslev ta Jami'ar Kopenhagen ta duba haƙoran mutum 101 daga Turai da Asiya, ta samu ƙwayar a cikin bakwai, mafi tsufansu ya kusa shekara 5,000. Ke nan cutar ta riga duk wani rubutaccen labari a kanta da dubban shekaru.

Wani abu kuma ya fito daga binciken da ya fi shekarun ma ban mamaki. Tsofaffin nau'o'in ba su da wani ɓangaren gado da ake kira ymt, wanda shi ne ke ba ƙwayar damar rayuwa a cikin hanjin ƙuma. Idan babu shi, ƙuma ba ta iya yaɗa cutar daga ɓera zuwa mutum yadda ta yi a ƙarnukan baya. Nau'in da ke da wannan ɓangare an same shi a gawarwaki masu shekara kusan 3,800 a yankin Samara na Rasha. A nan ana iya ganin cuta tana samun makaminta mataki-mataki, abin da ƙashi kaɗai ba zai taɓa nunawa ba.

A 2021 an samu ƙwayar a jikin wani mafarauci da aka binne a Latbiya fiye da shekara 5,000 da suka wuce. A 2024 kuma wani bincike a kan mutum 108 daga kaburburan duwatsu na manoman farko a Suwidin da Denmak ya gano ta a kusan kashi 17 cikin ɗari. A wani kabarin dangi guda, DNA ɗin mutanen ya ba da damar jera zuriya shida, aka kuma ga cutar ta ziyarci dangin sau uku cikin kimanin shekara 120. Wasu masana suna ganin annobar na da hannu a raguwar yawan manoman Turai a wancan zamani. Wasu kuma suna ganin tsohon nau'in bai kai na baya kisa da saurin yaɗuwa ba, kuma har yanzu ana wannan muhawara.

Sauran cututtuka

An samu bairas ɗin ciwon hanta nau'in B a ƙasusuwan manoma masu shekara 7,000 a Jamus. Ötzi, mutumin da ƙanƙara ta adana shekara 5,300 a tsaunukan Alps har aka tsince shi a 1991, an samu bakteriyar gyambon ciki, Helicobacter pylori, a tumbinsa. Tarin fuka ya zo da nasa abin mamakin: a 2014 an gano cewa nau'in da ke jikin wasu gawarwaki uku masu shekara kusan 1,000 a Peru ya fi kusa da na dabbobin teku masu shayarwa da ake kira sil, alamar cewa daga wajensu mutanen gaɓar tekun suka kamu, tun kafin zuwan Turawa.

Nazari mafi faɗi ya fito a 2025, inda aka duba mutum 1,313 da suka rayu cikin tsawon shekara 37,000 a Turai da Asiya. Cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum sun fara bayyana a samfuran ne kimanin shekara 6,500 da suka wuce, suka kai ƙololuwa wajen shekara 5,000, lokacin da kiwo ya bunƙasa kuma makiyaya daga filayen arewacin Baƙin Teku suka bazu zuwa Turai.

Iyakokin fannin

Rashin samun ƙwayar cuta a haƙori ba ya nufin mutumin lafiyarsa ƙalau. Cutar da ba ta shiga jini sosai da wuya ta bar saura a can. Bairas ɗin da gadonsu RNA ne (wani sinadarin gado mai kama da DNA), irin na mura da ƙyanda, suna ruɓewa da wuri, don haka kusan ba a ganinsu a samfuran zamanin dauri. Zafi da laima ma suna cinye DNA, shi ya sa yawancin abin da aka sani ya fito daga ƙasashe masu sanyi, yayin da Afirka, inda ɗan Adam ya fi daɗewa, take da samfura kaɗan.

Akwai kuma haƙƙin mamaci. Aikin yana lalata wani ɓangare na haƙori ko ƙashi wanda ba za a iya mayarwa ba, kuma wasu gawarwakin suna da jikoki da ke raye. Saboda haka yawancin cibiyoyin bincike da gidajen adana kayan tarihi yanzu suna neman a ɗauki hoton haƙorin ko a yi kwafinsa kafin a yanka, a kuma nemi yardar al'ummar da mamacin ya fito daga cikinta.