Wace ce Lucy, ƙwarangwal ɗin da aka tono a Habasha?

Wai wace ce wannan Lucy ɗin da ake ta kiran sunanta?

Ƙasusuwa ne fa, burbushin wata halitta mace da ta rayu wajen shekara miliyan 3.2 da suka wuce. Wani Ba'amurke masanin asalin ɗan Adam, Donald Johanson, shi da ɗalibinsa Tom Gray suka tsince su ran 24 ga Nuwamba 1974 a Hadar, yankin Afar na Habasha. Rana ta take, sun gaji, suna hanyar komawa mota kenan sai Johanson ya hango ɗan guntun ƙashin hannu a gefen kwari, ya duba sama kaɗan ga guntun ƙoƙon kai, ga ƙashin cinya, ga haƙarƙari. Sai da suka yi makonni suna tankaɗe ƙasar wurin, suka haɗa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarangwal ɗin. Kuma babu ƙashi ko ɗaya da ya maimaitu, wato ba a samu cinyar dama guda biyu ba, shi ya sa suka ce na halitta ɗaya ne.

To me ya kawo sunan Bature ga ƙashin Habasha?

Daren da aka same ta a sansanin suna ta murna suna sa wata waƙar Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, mai sunan Lucy a ciki, shikenan suna ya bi ta. Habashawa kuwa Dinkinesh suke ce mata, ma'ana ke abar mamaki ce, ni dai ya fi min daɗin faɗa. A 1978 aka raɗa wa jinsinta Australopithecus afarensis. Ƙasusuwan na gidan tarihi na ƙasa a Adis Ababa.

Ta yaya suka san shekarunta? Ko dai shaci-faɗi ne?

Nan ne mutane suka fi shakka, kuma ba laifinsu ba ne. Ba ƙashin ake aunawa ba, tokar duwatsu masu aman wuta ake aunawa, wadda ta kwanta a ƙasa-ƙasa da sama-saman inda ƙashin yake. A cikin tokar akwai sinadarin fotasiyam da ke rikiɗa a hankali ya koma iskar argon, kuma an san saurin rikiɗar. Lokacin da dutsen ya yi aman, zafi ya kori argon ɗin da ke ciki, kamar an mayar da agogo sifili kenan, duk wanda aka tarar yanzu bayan aman ya taru. Gwajin kabon da kuke yawan ji ana auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi kuwa bai wuce shekara dubu 50 ba, ba ya aiki a nan sam.

Me ya sa aka ce da ƙafa biyu take tafiya, ai ba wanda ya gan ta?

Tashi ka miƙe ka haɗa ƙafafunka. Ka ga ƙugunka da faɗi amma gwiwoyinka sun haɗu? Saboda ƙashin cinyarka ba a miƙe ya sauko ba, ya karkato ciki ne don tafin ƙafarka ya zauna daidai ƙarƙashin nauyin jikinka duk sanda ka ɗaga ɗaya ƙafar. Birin chimpanzi nasa a miƙe yake saukowa, shi ya sa in ya tashi tsaye za ka ga yana tangaɗi hagu da dama kamar agwagwa. To cinyar Lucy irin tamu ce, ƙashin ƙugunta ma gajere ne mai faɗi kamar kwano. Sannan a 1978 Mary Leakey da mutanenta suka gano sawun ƙafa a Laetoli ta Tanzaniya, cikin toka mai shekara miliyan 3.6, ga dunduniya ga babban yatsa a jere da sauran.

Abin da ya girgiza masana shi ne kanta. Ƙwaƙwalwar jinsinta ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na tamu ba, tsawon Lucy mita ɗaya da ɗan ɗori, hannaye dogaye, ƙasusuwan yatsu a lanƙwashe irin na mai hawa bishiya. Da can wasu na ganin ƙwaƙwalwa ce ta fara girma sannan aka miƙe tsaye, sai ga Lucy da ƙaramin kai tana takawa da ƙafa biyu.

Yarinya ce kenan tunda gajeriya ce?

A'a, haƙoranta na can ƙarshe sun fito har sun fara cinyewa, ta girma.

Me ya kashe ta?

A 2016 John Kappelman na Jami'ar Texas ya duba karayar kafaɗarta ya ce daga bishiya ta faɗo. Johanson da wasu suka ce ina, nauyin ƙasar da ta danne ƙasusuwan shekaru aru-aru ne ya farfasa su, don haka ma ake ganin na sauran dabbobin wurin. Har yau ana ja.

Wato dai cewa suke biri ne kakanmu?

Masu binciken ba sa cewa birin da kake gani yau ya haifi mutum, cewa suke asali ɗaya aka haɗa can baya sannan aka rabu. Kuma ko su ɗin ba su gama yarda cewa jinsin Lucy ne kai tsaye ya kai ga mutum ba, wasu na ganin reshe ne kawai cikin rassa. Na san tambayar da ke ranka ta Annabi Adamu ce, wannan kam fagen malamai ne, ni abin da masu tono suka gani da yadda suka fassara shi na kawo.

Ita ce mafi tsufa?

Ko kusa. A 2001 tawagar Michel Brunet ta samo wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab ta Chadi, maƙwabciyarmu, ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye ne ma ya fara ganinsa. Aka sa masa Toumaï, ana ƙiyasta masa wajen shekara miliyan 7, ya ninka Lucy har da ɗori, sai dai shi ana ta gardama kan ko da ƙafa biyu yake tafiya.