Ciwon Damuwa na Mai Ciki da Mai Jego

Ciwon damuwa na mai ciki da mai jego larura ce da kan kama mace tun tana da juna biyu har zuwa shekara guda bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan 16 cikin 100 na masu ciki da kusan 20 cikin 100 na masu jego suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, akasari wannan ciwon. Daban yake da ɗan ƙuncin nan da saurin kuka da kan zo kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, wanda kan gushe kafin mako biyu.

A Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya mace ta fito fili ta ce ranta a ƙuntace yake. Kunya kan hana ta. Sai ta ce kanta na sarawa, ko barci ya ƙaurace mata alhali jariri na barci. Za ka ga an ajiye mata kunun kanwa har ya huce ba ta taɓa ba. Dangi kan ce gajiyar wankan jego ce, wasu su ce iska ce, ciwon kuwa yana ta cin ta a ɓoye.

Shi ya sa ya zama wajibi ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar mace halin da take ciki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Edinbura, wanda masu bincike Cox da Holden da Sagovsky suka wallafa a 1987. Tambayoyi 10 ne kan yadda mace ta ji a kwana bakwai da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3. Jimlar maki 13 zuwa sama kan nuna a zurfafa bincike. Tambaya ta 10 ta shafi tunanin cutar da kai, kuma ko maki ɗaya aka samu a kanta ba a sallamar mace haka nan.

Tambaya sau ɗaya ba ta wadatarwa. Ranar awo dama ce, haka ma ranakun rigakafin jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, inda ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za ta keɓe da uwa, ta rubuta makin a katinta don a kwatanta da na baya. Ungozoma ma, da ke shiga har ƙuryar ɗaki, takan riga kowa lura.

Mai sauƙin ciwo kan samu sauƙi da shawarwari da tallafin miji da dangi. Wadda abin ya tsananta, ko ta fara sambatu da ruɗewa, akan tura ta da gaggawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.