Mene ne "Metroidvania", kuma me ya haɗa shi da Castlevania?

Wanda ke leƙa shagon wasanni na waya ko na kwamfuta a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ci karo da kalmar Metroidvania ba, an manna ta a ƙarƙashin sunan wani wasa kamar kowa ya san inda ta dosa. Sunan salo ne na wasan bidiyo, kuma an ƙera shi daga sunayen tsofaffin wasanni biyu na ƙasar Japan da suka fito a shekara guda, 1986: Metroid na kamfanin Nintendo da Castlevania na kamfanin Konami. An yanko kan na farko an ɗinka shi da wutsiyar na biyu. Ita kanta wutsiyar, "vania", aro ce daga Transilbaniya, yankin nan na ƙasar Romaniya da labaran Turawa suka mayar gidan Dracula mai shan jini.

Konami dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan gem yana jiran a cire wani ya karɓa a PES, ya sha ganin sunan yana bayyana kafin a take ƙwallo. Sai dai Castlevania bai samu irin wannan shiga ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake. A gidan gem kuɗin wasa guda ake biya, minti goma an tashi. Wasan da ke son awoyi, da katin memori naka na kanka, da kuma ka tuna inda ka tsaya jiya, ba abincin wannan benci ba ne.

Ga abin da kalmar ke nufi. Wasan Metroidvania yana da taswira guda ɗaya babba wadda sassanta suke haɗe da juna, galibi ana kallonta daga gefe, ɗan wasan yana tafiya hagu da dama, sama da ƙasa. Tun daga farko kana ganin wuraren da ba ka isa ka shiga ba: wani dandamali da ya fi ƙarfin tsallenka, wata ƙofa da ta ƙi buɗuwa, wata raga ta ƙarfe da kake hango kaya a bayanta. Sai ka bar su ka yi gaba. Can wani sashe mai nisa ka samu sabuwar baiwa, sai wurin nan da ka wuce ya faɗo maka a rai, ka juyo. Wannan juyowar ita ce ƙashin bayan salon. Kamar mai koyon lungunan cikin birni ne, wanda wata rana zai gano cewa lungun da ya ɗauka ya toshe ashe shi ne ke ɓullewa bayan gidansu.

Abin lura shi ne mabuɗin. A wasanni da yawa kana tsintar makulli, ya buɗe ƙofa ɗaya, ya gama aikinsa. A nan mabuɗin iyawa ce da ke zama a jikinka, tana sauya yadda kake tafiya da yadda kake faɗa a ko'ina cikin taswirar. Shi ya sa wasa irin GTA, duk da faɗin garinsa, ba ya cikin wannan layi. Girman fili daban, ƙofar da ke jiran ka girma daban.

Sai dai Castlevania ba haka ya faro ba, kuma nan ne masu neman shawara suke yawan yin tuntuɓe. Wasan farko, wanda Japanawa suka sani da Akumajō Dracula, miƙaƙƙiyar hanya ce: mataki 18, agogo yana ƙirga maka lokaci, ba komawa baya. Kai ne Simon Belmont, da bulala a hannu, ka shiga ƙasaitaccen gidan Dracula mai dogayen hasumiyoyi da tagogin gilashi masu launi irin na tsofaffin majami'un Turai, wanda shi ne ake nufi idan an ce salon gotik. Simon yana da nauyin jiki. Idan ka danna bulala sai ya ɗan ja ta baya kafin ta sauka, don haka dole ka yi dukan tun abokin gaba bai iso ba. Idan ya yi tsalle kuwa, ya tafi ke nan, ba a sauya masa hanya a iska. Kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya wurga shi baya. Haɗa waɗannan uku da dodannin nan, kawunan Medusa, da ke shawagi sama da ƙasa a daidai inda ramuka suke, za ka gane abin da ya sa tsofaffin 'yan wasa har yau suke ambatonsu da cizon yatsa. Kyandir za ka daka ya zubo da zuciya, amma zuciyar ba rai take ƙarawa ba, harsashin ƙananan makamanka ce, su gatari da wuƙa da ruwan tsarki. Abin da ke ƙara rai gasasshen nama ne da aka ɓoye cikin bango. Wa ya gasa shi, tun yaushe yake ciki, ba wanda ya taɓa tambaya kafin ya ci.

Masoya suna kiran wannan tsohon zubi Classicvania. A cikinsa akwai Castlevania III na 1989, da Super Castlevania IV na 1991 inda aka sake wa Simon hannu yana kaɗa bulala ta fuskoki takwas, da Rondo of Blood na 1993. Kafin waɗannan ukun an yi wani gwaji a 1987, Simon's Quest, mai garuruwa da dare da rana da yawon neman sassan jikin Dracula biyar. Ya so ya zama wasan bincike, amma mutanen garin ƙarya suke shara maka, kuma akwai inda sai ka durƙusa a gindin wani dutse riƙe da jan lu'ulu'u ka jira guguwa ta ɗauke ka. Ba na ba kowa shawarar ya fara da shi.

Juyin ya zo ne a 1997 da Symphony of the Night a kan PlayStation ta farko. Toru Hagihara ne ya jagoranci aikin, Koji Igarashi yana mataimakinsa, Michiru Yamane ta tsara kiɗa, Ayami Kojima ta zana mutanen. Aka ajiye bulala aka ba ka Alucard, ɗan Dracula, wanda sunansa ma na uban ne aka karanta daga ƙarshe. Yana shiga gidan da cikakkun kayan yaƙi, yana sare dodanni da sara ɗaya, sai Mutuwa, yaron gidan Dracula, ya tare shi ya kwashe kayan kaf. Daga nan da hannu za ka fara naushi har ka tsinci guntun takobi.

Duba yadda aka sarƙa gidan. Akwai shuɗɗan ƙofofi da ba sa buɗuwa sai ka sayi wani dutse a wurin tsohon da ke tsaron ɗakin karatu. A cikin wannan ɗakin karatun akwai wani ɓangare bayan ragar ƙarfe, kana gani ba ka da hanya. Sai ka je can filin dambe na gidan ka koyi rikiɗa ka zama hazo, ka dawo ka sulale ta ragar, a ciki ka samu ikon zama jemage. Da ka fara tashi, duk wani dogon rufi da ka wuce kana ɗaga kai ya zama hanya. Kana buɗe taswira kana duba ɗakunan da suka yi shuɗi, da jajayen da ake ajiye wasa a cikinsu, kana neman inda layin bango ya yanke, don nan ne ƙofar da ba ka bi ba. Wanda ya kai ga Richter Belmont, jarumin Rondo of Blood da yanzu ya zama mai gidan, a saman hasumiya ya kashe shi zai ga rubutun ƙarshe ya ɗauka ya gama. Wanda kuwa ya haɗa zoben zinare da na azurfa, ya sa su a ɗakin agogo, ya karɓi tabarau daga hannun Maria, wata budurwa da ke neman Richter a gidan, zai ga koren ƙwallon sihiri da ke juya Richter. Ya fasa shi, sai wani gidan ya sauko daga gajimare, irin na farko sak, amma kansa a ƙasa. Shi ya sa cikar taswirar wasan take kai kashi 200.6 cikin ɗari, lambar da masoya suka haddace. (Wanda zai ce na tona masa asiri ya yi haƙuri, wasan ya girmi da yawa daga masu karanta wannan.)

Igarashi ya sha bayyana dalilin sauyin: tsofaffin wasannin gajeru ne, gwani ya cinye su cikin ɗan lokaci, wanda bai iya ba kuma ya maƙale ya haƙura. Sai aka sa Alucard yana ƙara ƙarfi da yawan dodannin da ya kashe, yana sauya takobi da sulke, ta yadda wanda bos ya gagara zai iya zagayawa ya ƙaro ƙarfi ya dawo. Ya kuma ce Zelda, wani wasan Nintendo, ce a ransu lokacin, ba Metroid ba. Amma 'yan wasa da suka ga taswirar sai suka tuna da Super Metroid na 1994, kuma sunan da ya bi bakin jama'a shi ya zauna. Da farko ma ma'anarsa ƙunƙuntacciya ce: wasannin Castlevania da suka ɗauko zubin Metroid, wato wannan da shida da suka biyo shi a ƙananan na'urorin hannu na Nintendo daga 2001 zuwa 2008. Wasu suna ce musu Igavania, don girmama Igarashi, ko da yake Circle of the Moon na 2001 ba shi ya yi shi ba.

Daga baya kalmar ta bar gida. Ƙananan masu ƙera wasanni suka rungumi salon, domin mutum biyu ko uku za su iya zana taswira irin wannan ba tare da kuɗin babban kamfani ba. Cave Story na 2004 mutum ɗaya ya yi shi. Hollow Knight na 2017 wata 'yar ƙaramar tawaga ce a Ostireliya. A nan ne gardama take: Hollow Knight ba shi da tsarin ƙara ƙarfi ta hanyar kashe dodanni, wanda shi ne babban abin da Castlevania ya kawo, don haka ya fi kusa da Metroid zalla, amma Metroidvania kowa ke ce masa. Ni a ganina rabin sunan na biyu yanzu lada ne kawai ake ba Symphony of the Night, kuma ya ci ladan. Igarashi da kansa, bayan ya bar Konami a 2014, ya nemi gudummawar masoya a Kickstarter, suka tara masa sama da dala miliyan 5.5, ya fitar da Bloodstained: Ritual of the Night a 2019. Wani abin dariya kuma, kamfanin MercurySteam na Sifen da ya yi Castlevania: Lords of Shadow a 2010, wanda ba Metroidvania ba ne, shi ne ya zo ya yi wa Nintendo Metroid Dread a 2021.

To idan wani ya ce maka "buga Castlevania", tambaye shi wanne. Da yawa sun san sunan ne ta fim ɗin zane na Netflix da aka fara a 2017, wanda, a faɗa a wuce, jini ya yi masa yawa, ba na yara ba ne. Labarinsa na Trevor da Sypha da Alucard daga Castlevania III aka ɗauko shi, kuma wanda ya bi sawunsu zuwa wannan wasa yana tsammanin yawo cikin nishaɗi zai tarar da ɗaya daga mafiya tsauri a tsohon zubi.

Mai son salon da muke magana a kai, Symphony of the Night yana kan Android da iPhone tun 2020. Madannan kan gilashi suna ba da wahala wajen rikiɗa da sihiri, gara ka haɗa da abin riƙewa na gem idan kana da shi. Muryoyin da ke ciki ba na asali ba ne, sababbi ne da aka naɗa a 2007, kuma tsofaffin masoya har yau suna kewar na farkon duk da kowa ya yarda ba su yi kyau ba. Bayansa ni Aria of Sorrow na 2003 zan miƙa maka: an kai labarin shekarar 2035, Soma Cruz yana kama ruhin dodon da ya kashe ya yi amfani da ikonsa, kuma gidan bai yi faɗin da zai gajiyar ba. Yana cikin Castlevania Advance Collection na 2021. Order of Ecclesia na 2008, wanda mace ce jarumarsa, Shanoa, ya fi su duka zafi, a bar shi sai hannu ya faɗa. Shi da sauran biyun na Nintendo DS suna cikin Dominus Collection na 2024. Wanda kuma bulalar yake so da ramukan, ya fara da Super Castlevania IV, ya fi sauran tsofaffin sassauci, sannan ya gwada Rondo of Blood, wanda faɗansa na ƙarshe shi ne ake sake bugawa a farkon Symphony of the Night.