Lafiyar masu aikin maƙabarta a Saudiyya

Masu aikin maƙabarta su ne masu haƙar kabari, da masu wankan gawa, da direbobin motar ɗaukar gawa, da masu shara da gadi. A Saudiyya hukumomin birane, waɗanda ake kira Amana ko Baladiyya, ne ke kula da mafi yawan maƙabartu. Sanannu daga cikinsu su ne Ma'alla da Shara'i'i a Makka, da Baƙi'a a Madina, dab da Masallacin Annabi. Hausawa mazauna Makka da Jidda, da alhazan da ajali ya riska a can, a irin waɗannan wurare ake binne su.

Babbar barazanar aikin ita ce zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomi sun ce mutum 1,301 suka rasu. Ma'aikatar kula da ƙwadago ta hana kamfanoni sa leburori aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Sai dai gawa ba ta jira. A Haramai biyu ana sallar jana'iza ne bayan farilla, don haka wanda aka sallata bayan Azahar da tsakar rana za a kai shi makwancinsa. Haƙa kam ana iya yin ta da asuba, amma binnewa sai an zo da mamaci.

Cikin rami iska ba ta kaɗawa. Mai gyara lahadu yana durƙushe, zufa na zuba, ƙura na shiga masa hanci, ga dangin mamaci sun yi cincirindo a bakin kabari sun tare iskar da ta rage. Alamun farko na illar zafi su ne jiri, ciwon kai, murɗewar jijiya da fitsari mai duhu. In magana ta fara rikicewa, to bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a kira motar asibiti. Yawan bushewar jiki shekara da shekaru yana taɓa ƙoda, abin kuma ya fi tsanani in azumi ya faɗo a bazara.

Diga da shebur da ɗaga makara su ke cin baya da gwiwa da kafaɗa. Rauni a cikin ƙasa na iya jawo cutar sarƙe-haƙora, wadda allurar rigakafi ke hanawa.

Tsoron da jama'a ke yi wa gawa ya zarce haɗarinta. Wanda zafi ko haɗarin mota ya kashe ba ya haddasa annoba. Mai wanka dai na iya ɗaukar ciwon hanta, tarin fuka ko kwalara daga jini da ruwan jikin mai ɗauke da su, shi ya sa safar hannu da takunkumi suka zama dole, musamman tun bayan ɓullar cutar numfashi ta MERS a 2012 da korona a 2020.

Ana auna ƙarfin ci gaba da aiki da wasu tambayoyi da masana a Finland suka tsara a shekarun 1980, masu maki 7 zuwa 49. Dattijon da makinsa ya yi ƙasa ba sai ya bar maƙabarta ba: ana iya mayar da shi gadin ƙofa ko nuna wa masu ziyara hanya, matasa su karɓi digar.